Kalmar da Ta Kusa Tuɓe Rawanin Sarkin Noma Labbo

Shekarata saba'in da uku a bana, bisa lissafin da mahaifina ya bar mini. Abin da zan faɗa kuwa ya auku shekara arba'in da biyu da suka shige, sa'ad da nake tafinta a Gusau, ina tsaye tsakanin Turawan mulki da mutanen ƙasa. Ban taɓa nufin rubuta shi ba. Abin da ya tunzura ni, wani saurayi ne, jikan maƙwabcina, ya zauna a zaurena kwanan baya, ya ɗora ƙafa bisa ƙafa, ya ce wai ya sami aikin tafinta a kotu, wai kuma aikin hutu ne, tun da yana da takardar sakandare da ƙamus a aljihu. "Ai Baba," in ji shi, "ka ji da kunne, ka juye da baki, shi ke nan." Na dube shi, na dubi ƙamus ɗin, ban tanka ba, domin ba na jayayya da yaro a zaurena. Amma ga amsarsa a rubuce, shi da ire-irensa.

Wanda ya koya mini sana'ar nan Malam Ummaru ne, tsohon soja, wanda ya tsinci Turancinsa a bariki. Ni na fito makaranta da Turancin littafi, ina ganin na fi shi nesa, kuma in gaskiya za a bi, ta fuskar nahawu na fi shi. Duk da haka wata bakwai ya tsai da ni a bayansa bai bar ni na buɗe baki ba. Ya hana ni tauna goro a bakin aiki. Ya koya mini inda tafinta ke tsayawa, wato rabin taki bayan Bature, ta hagunsa, da inda zai sa idonsa in ana yi wa babban mutum faɗa a gaban talakawansa, wato a ƙasa. Kayan aikinmu ba su da yawa: littafin aljihu mai baƙin bango, fensir biyu, reza ta fiƙe su, keke, da ƙamus wanda ya fi amfani wajen danne takardu in iska ta taso. Dokokinsa biyu ne, kullum yana nanata su. Ta farko, tafinta ba shi da bakin kansa. Ta biyu, nauyin magana ake ɗauka, ba ƙwayoyinta ba.

Ban gane ta biyun ba sai ranar da muka raka wani Bature wurin wani hakimi, yana neman mutum arba'in na aikin hanya a tsakiyar kaka. Hakimi ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To, madalla. Allah ya kai mu." Malam Ummaru ya juya ya ce wa Bature hakimi yana ganin abin ba zai yiwu ba sai an gama girbi. Da muka fita na ce masa, "Malam, ai madalla ya ce." Ya tsaya cak a tsakiyar hanya, ya ce, "Kai ka ji madalla. Ni na ga ya daina jan carbi, ya dubi yatsun ƙafarsa. In ka gaya wa Bature ya yarda, jibi ya turo mota ba kowa, wa za a ce ya yi ƙarya? Hakimi. Ka ɓata dattijo da Turancinka mai kyau." Wannan ne karatun da ba ya cikin ƙamus.

Aikin da nake son ba da labarinsa ya zo ne bayan Malam Ummaru ya ajiye aiki ya koma gonarsa a Mada. An turo mana wani Bature matashi kan harkar noma. Ba zan faɗi sunansa ba. Mutane suna ce masa Mai Igiya, domin bai taɓa sauka daga mota ba tare da igiyar awo a hannu ba. Ba mugu ba ne. Yana dai da tabbacin cewa duk abin da ba a auna ba, ba a san shi ba.

A wancan zamani kowane ƙauye yana da rumbun tsimi. Bayan girbi kowane gida ya kawo nasa dami na gero ko dawa, a ajiye, ba a taɓawa sai tsakiyar damina, sa'ad da na gida ya ƙare sabo bai nuna ba. Rumbun nan na laka ne, bisa duwatsu, a kan tudu, hatsi kuwa da zangarniyarsa ake zuba shi domin iska ta ratsa. Mai Igiya ya ga wannan ɓarna ce da rashin tsari. Ya ce za a gina sito na zamani a Tungar Gamji, wani ƙauye bayan Karakkai a ƙasar Bunguɗu, da daɓen siminti da rufin kwano, a sussuke hatsi a zuba a buhuna, yadda za a iya ƙirga shi. Kuma a gina shi a bakin hanya, inda mota za ta iya juyawa.

Sarkin Noma na ƙauyen, Labbo, dattijo ne dogo, siriri, mai kaushin hannu, wanda ya gaji rawanin daga ubansa. Shi ke riƙe da rumbun tsimi tun kafin a haifi Mai Igiya, ba a taɓa jin dami ɗaya ya yi ciwon kai a hannunsa ba. Ranar da aka je awon fili, ni ne tafinta, direban Bature, Audu, yana riƙe da bakin igiya. Wurin da Bature ya zaɓa shimfiɗaɗɗe ne, fes, ƙasarsa baƙa, ta dare saboda rani. Ya ce in tambayi Sarkin Noma ra'ayinsa. Labbo ya durƙusa, ya ɗebi ƙasa ya murza, ya kaɗe hannu, ya ce:

"Ranka shi daɗe, wurin ga shina da kyau, ga hanya, ga sarari. Sai dai tun kakanninmu ba mu taɓa ganin wanda ya aje hatsi nan ba. Amma ku ad da sani."

Duk wanda ke tsaye a wurin ya ji abin da aka faɗa. Audu direba ma sai da ya saki igiya. Na juya na ce wa Bature, da Turanci wanda ba shi da kwana, dattijon nan yana yi maka gargaɗi mai ƙarfi cewa hatsi zai lalace a wannan wuri.

Ya ɗaga gira ya ce, "Haka ya ce? Na ji ya ce kyau. Na san kalmar kyau."

Na ce lalle ya ce kyau, amma haka talaka ke buɗe magana in zai saɓa wa na gaba da shi.

Ya ce, "Malam, ba ra'ayinka aka ɗauke ka ka ba ni ba. Faɗa mini kalmominsa ɗaya bayan ɗaya."

Na faɗa masa. Ya yi dariya, ya ce kakanninsu ba su da siminti. Sa'an nan ya miƙo mini littafin rangadinsa, ya ce in rubuta: Sarkin Noma ya ce wurin yana da kyau. Na rubuta. Da hannuna na rubuta, da fensirina, bisa bonet ɗin mota. Mai cewa aikin tafinta hutu ne, ya tsaya nan ya yi tunani tukuna.

Aka gina sito, aka yi girbi, mata suka sha sussuka ta kwana da kwanaki, abin da ba su saba yi wa hatsin tsimi ba. Al'adar ƙauyen kuwa, in an gama sabon rumbu, Sarkin Noma shi ke fara zuba hatsi da hannunsa, ya yi bisimilla, sa'an nan sauran jama'a su biyo. Ranar da za a zuba, Labbo ya zo da rawaninsa, ya gaisa da kowa, ya zauna gindin gamji, ya ce bayansa ya riƙe. Mutumin da a jiyan nan aka gan shi da dami biyu a ka. 'Yan dako suka jera buhuna, babu mai guɗa, babu mai addu'a. Na gaya wa Bature ma'anar wannan zama na gindin gamji. Ya ce in gaya wa tsohon ya shafa man zafi. Aka rufe ƙofa da kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya aka rataya wa Labbo a wuya, ɗaya Bature ya sa aljihu, da umurnin kada a buɗe sai ya zo da kansa a watan da ya rubuta.

Damina ta sauka da ƙarfi. Wata rana da hantsi na fito daga masaukina a Sabon Gari, sai ga Labbo zaune bakin ƙofa, ƙafarsa duk taɓo, ya tako tun daga ƙauye. Na ba shi ruwa da fura. Bayan gaisuwa mai tsawo ya ce, "Malam, a gaishe min da Bature. A ce mashi damina ta yi albarka bana, ruwa har ƙohwar ɗakinshi." Na hau keke nan take, na sami Mai Igiya a ofis, na ce ruwa ya kewaye sito, a ba da mabuɗi a fitar da hatsi a shanya. Ya ce siminti ba ya shan ruwa, kuma ya san halin mutanen nan, suna neman hanyar da za su buɗe kafin lokaci ne. Na koma na gaya wa dattijo. Ya ɗauki sandarsa, ya ce, "To, madalla."

Sa'ad da lokacin Bature ya yi aka buɗe, ban iya shiga ba. Danshi ya tsattsafo ta ƙarƙashin daɓe, zafin kwano ya dafa shi daga sama. Buhunan ƙasa sun zama baƙar laka, na tsakiya sun yi fumfuna, na sama sun tsiro ta jikin buhu. Mata suka tsaya nesa riƙe da ƙorai da suka zo awo da su. Wata tsohuwa ta kife tata a ƙasa ta zauna a kai. A shekarar nan mutanen Tungar Gamji sun ci tafasa da rama ba gari har sabon gero ya nuna, waɗansu sun sayar da awakinsu, waɗansu samari sun tafi ci-rani tun damina ba ta ɗauke ba.

Bayan mako biyu aka ajiye mini rahoton Mai Igiya, aka ce in juya shi zuwa Hausa domin hakimi, za a zauna shari'ar al'amarin a Bunguɗu. Rahoton shafi uku ne, amma duk nauyinsa a kan kalma guda yake. Ya rubuta cewa asarar nan, ga duk wanda ya san ƙasar wurin, predictable ce.

To, ga abin da nake so yaran yanzu su sani game da kalmar nan. Ƙamus zai ce maka ma'anarta abin da ake iya faɗin aukuwarsa tun bai auku ba. Wannan gaskiya ne, amma ba ya kai ka ko'ina. Na yi shekaru ina jin ta a bakin Turawa. Sukan faɗe ta ga abin da ya saba zuwa a kan kari, kamar jirgin ƙasa mai isowa kan lokaci, nan yabo ce. Sukan faɗe ta ga mutum wanda an riga an san abin da zai ce kafin ya buɗe baki, nan raini ce. Amma in ka gan ta cikin rahoto, bayan an yi asara, to ba siffanta asarar take yi ba, mai laifi take nema. Ma'anarta a nan: alamu suna nan a fili, mai hankali zai gani, saboda haka akwai wanda ya kamata ya gani ya hana. Kuma Mai Igiya ya riga ya zaɓi wanda za ta faɗa wa. Ya ce shi baƙo ne, ya dogara ga masanin ƙasa, masanin ƙasa kuwa ya ce wurin yana da kyau, ga shi a rubuce. Ko dai Labbo ya gani ya yi shiru, ya ci amana, ko bai gani ba, bai cancanci rawani ba. Ya nemi a tuɓe shi, a kuma duba ko za a ɗaure shi domin ya zama darasi.

Kwana uku ina fama da wannan kalma. Mu ba mu da kalma guda da ta yi daidai da ita, kuma ba don talaucin harshe ba. Mutumin kirki a ƙasarmu ba ya cewa ya san abin da zai auku gobe. Yana iya ganin hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ya kwashe shanya, ya ɗaure awaki, amma in ka ce masa ka san za a yi ruwa, zai ce Allah ne masani. A ƙarshe na rubuta: asara ce wadda alamunta suka bayyana tun kafin ta zo. Kalma ɗaya ta zama goma, kuma ban ji kunyar haka ba.

Aka zauna a zauren hakimi da safe. Di'o, wato Baturen da ke mulkin yankin, yana bisa kujera, Mai Igiya a gefensa. Hakimi yana kan buzunsa, magatakardansa Malam Isa a bayansa da alƙalami. Labbo yana durƙushe a tsakiya, ɗansa Mamman can bakin ƙofa cikin jama'a. Wani dogari ya tsaya dab da bayan dattijon, kowa ya san aikin da aka tsai da shi ya yi: in hukunci ya faɗi, shi zai warware rawanin a gaban mutane.

Di'on nan yana jin Hausa irin ta jarrabawa, wadda ta fi rashin ji haɗari. Aka karanta rahoto, na karanta juyina. Sa'an nan ya ce in tambayi Sarkin Noma tambaya ɗaya: ya san hatsin zai lalace, ko bai sani ba? Na juya ta kamar yadda ta zo. Labbo ya ɗaga kai a firgice, kamar an jefe shi da saɓo.

"Subhanallahi! Ni wane ne da zan san abin da bai zo ba? Ranka shi daɗe, ni ba boka ba ne. Wanga sani na Allah na."

Di'o bai jira ni ba. Ya ce, "Bai sani ba," ya sunkuya zai rubuta. Na ga dogari ya gyara tsayuwa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni, kuskuren juyina ne. Yadda na ɗora tambayar, ta fito kamar ana tuhumarsa da duba. Kalmar da ke cikin rahoto ba sanin gaibu take nufi ba, ganin alama take nufi. A ba ni izini in sake."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce in sake.

Na ce, "Baba, ba gobe ake tambayarka ba. Ranar da aka kai igiya wurin nan, da ka durƙusa ka ɗebi ƙasa, me idonka ya gani?"

Sai dattijo ya zama wani mutum. Ya ce ya ga busasshen kajiji da gemun kwaɗo, waɗanda ba su fitowa sai inda ruwa ke kwana. Ya ce ya ga ƙasa baƙa mai darewa, wadda ke riƙe ruwa kamar tulu. Ya ce a duk filin babu shuri ko ɗaya, babu gidan tururuwa, "su kuwa, ranka shi daɗe, sun hi mu sanin inda hatsi ka kwana lahiya." Ya ce tun yana yaro a nan suke kamun kwaɗi. Wani daga bakin ƙofa ya yi dariya, dogari ya harare shi. Na juya kome, ban rage ba, ban ƙara ba.

Mai Igiya ya miƙe, fuskarsa ta yi ja. Ya ce to ga shi, ya gani sarai, ya kuwa yi shiru. Ya buɗe littafin rangadi ya ajiye gaban Di'o, ya sa yatsa bisa layin. Di'o ya ce, "Rubutun wa ke nan?" Na ce nawa ne. Ya ce, "Haka ya faɗa?"

A nan ne dokokin Malam Ummaru biyu suka yi karo, ya zama dole in karya ɗaya. Na zaɓi in karya ta farko. Na ce kalmomin da ke rubuce ya faɗe su, amma rabin maganarsa ne, kuma rabin da ba shi da nauyi. Na maimaita maganar Labbo duka da Hausa, yadda kowa zai ji, na kuma maimaita da Turanci abin da na gaya wa Bature a ranar, da amsar da ya ba ni. Na faɗi zaman gindin gamji. Na faɗi tattakin da dattijo ya yi zuwa Gusau cikin taɓo, da maganar siminti ba ya shan ruwa.

Mai Igiya ya ce tafinta ba shaida ba ne, kuma ba za a gudanar da mulki da ciwon baya da gaisuwar damina ba. In mutum yana nufin a'a, ya ce a'a. Ya ce a tambayi hakimi, shi ya san mutanensa, ya faɗa ko abin da tsohon ya yi gargaɗi ne.

Hakimi yana tsakanin talakansa da Bature, kuma Bature ba ya tafiya gobe. Ya daɗe yana jan carbi. Sa'an nan ya daina ja, ya dubi yatsun ƙafarsa, ya ce:

"Ranka ya daɗe, maganar Bature tana da kyau ƙwarai, ga tsari, ga hujja a rubuce. Sai dai tun da nake ban taɓa ganin an tuɓe Sarkin Noma a kan ya ƙi yi wa babba tsawa ba. Amma ku ke da sani."

Di'o ya ɗaga alƙalami, ya tsaya da shi a sama. Ya ji kyau, ya ji sai dai, ya ji ku ke da sani, kuma ya ji su a jere irin yadda na maimaita masa na Labbo yanzun nan. Ya juyo gare ni a hankali, ya ce, "Malam, hakimi ya yarda ke nan?"

Na ce, "A'a, ranka ya daɗe. Iyakar ƙarfin muryarsa ke nan."

Ya ajiye alƙalami. Ya ce wa dogari da Hausarsa ta jarrabawa ya koma bakin ƙofa.

Kada wani ya zaci gaskiya ta yi halinta a ranar, aka hukunta mai laifi. Turawan biyu suka shiga mota suka yi magana su kaɗai, Audu direba yana tsaye a rana. Bayan kwana huɗu aka dawo mini da rahoton in sake juyawa. An ja layi a kan kalmar nan, an soke ta. A madadinta an rubuta cewa ruwan shekarar ya wuce misali, asara ce wadda babu mahalukin da zai iya hangowa, ba laifin kowa. Kajiji yana nan inda yake, kwaɗi suna nan, alamun da aka ce a fili suke ranar Litinin, ranar Juma'a sun zama ɓoyayyu. Muddin yatsa yana nuna talaka, abu ne da kowa ya kamata ya gani. Da ya juya ya nuna mai igiya, sai ya zama daga sama. Babu wanda ya biya mutanen Tungar Gamji ko mudu ɗaya.

Ni kuwa aka ce ina da kyakkyawan Turanci amma ina da yawan ra'ayi, aka tura ni Tsafe, wurin masu fasa dutse na aikin hanya. Shekara guda cur ina juya ɗauko, ajiye, matsa, ga wani Bature wanda duk maganarsa a wuni ba ta kai ashirin ba. Ƙarin girman da nake jira aka ba wani wanda ke juya kalma da kalma ba ya ɗaga kai. Ita ce muguwar shekarata a sana'ar nan. Malam Ummaru ya aiko mini da saƙo daga Mada, ya ce na karya dokarsa, kuma in zo in ci tuwo.

Kafin in tafi Tsafe na hau keke na je Tungar Gamji, domin hakki ne a karanta wa mutum takardar da ta shafe shi. Na tarar da Labbo a kan tudu, rawaninsa a kansa, ya naɗe hannun riga, shi da Mamman suna jera duwatsun sabon rumbu a inda na kakanninsa yake. Siton kwano yana can ƙasa a buɗe, awaki suna fakewa ciki. Na karanta masa sabon rahoton tun daga farko har ƙarshe. Da na kai wurin da aka ce babu mai iya hangowa, ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ɗauki dutse ya daidaita shi, ya danna da ƙafa ya ga ya zauna, sa'an nan ya ce:

"Ashe su ma sun san ƙaddara, Malam. Ba su dai tuna ta sai ta biyo ta ƙohwarsu."

Ya mutu da rawaninsa bayan shekara tara.

Saboda haka, jikan maƙwabcina, kai da ƙamus ɗinka, ranar da za a tsai da wani dattijo a gabanka a tambaye shi ko ya sani, ya ce Allah ne masani, alƙali kuwa ya sunkuya zai rubuta, ka duba shafin da zai cece shi, in ka samu ka zo ka nuna mini. Wanda ke shakkar abin da na faɗa kuwa, ba ni kaɗai na gani ba. Malam Isa magatakarda ya rasu, Allah ya ji ƙansa, amma Audu direba yana nan da ransa a Sabon Gari, idonsa ya tafi, kunnensa garau. Mamman ɗan Labbo kuma shi ne Sarkin Noma na Tungar Gamji a yau. A je a same shi a kan tudu, a tambaye shi rawanin wa ke kansa.